Wa Ka Daka? Ta'aziyyar taubashina mai gidan kallo

Taubashina ya rasu ranar Laraba da hantsi. Ya tashi daga duniya kamar yadda ya saba tashi daga majalisa in ya ga gardama za ta kayar da shi, ba sallama, ba waiwaye. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Na fara da addu'a don kada malamai su ce tsohon nan ya buɗe da shaƙiyanci. Shi ɗan kawuna ne, ni ɗan goggonsa, kuma wanda ya san taubasantaka ya san mutuwa ba ta kashe ta. Tun muna yara yake kirana bawansa don ni ɗan mace ne. To yau ga bawa riƙe da biro, ubangida kuwa ba bakin ramawa.

Karatuna aji huɗu ne a firamaren Tsafe, na huɗun ma rabinsa a gonar gyaɗa na yi shi. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Na zauna a tabarmar makoki a ƙofar gidansa a Gusau, na ga masu gaisuwa iri-iri. Akwai dattawan unguwa, masu cewa mutumin kirki ne, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Wannan ƙarya ce irin ta makoki, an ji kansa da ni sau ba iyaka, amma na bar su. Akwai dangin matarsa, mutanen ƙauye da ke zaune a gidan, su sai dai su zauna su sunkuyar da kai, hawaye na sauka a gemu. Akwai kuma waɗanda za su ba ni hannu, su shafa fatiha, su yi shiru kamar sun gama, sannan su matso da baki kusa da kunnena.

"Baba, to yanzu shi ke nan? Ba kashi na biyu?"

Wani direba ya zo daga Bungudu, ƙato, yana kuka har na ɗauka ɗan'uwa ne da ban sani ba. Na ce, "Malam, mene ne tsakaninka da marigayi?" Ya ce, "Ba komai, Baba. Ni dai tun ina yaro nake jiran a buɗe ƙyauren nan." Liman ya ji, ya kau da kai yana jan carbi. Amma ni na san liman tun yana saurayi, na san bencin da yake zama a gidan kallo.

Don wanda bai sani ba, taubashina gidan kallo gare shi tun zamanin kaset, kuma sau ɗaya tak ya yi fim nasa na kansa. Labarin bai da yawa. Wani baƙo ne ya shigo gari da rana tsaka ya tarar ba kowa. Ga tukunya a kan murhu, ga takalma a bakin masallaci, ga guga a bakin rijiya igiyarsa a jiƙe, amma ba mutum, ba kaza. Sai ya ji ana daka. A yi daka a yi daka, sai a tsaya. Shiru. Sai a ci gaba. Baƙon ya bi sautin lungu-lungu yana tambayar wa ke daka, da harshenmu na nan, "Wa ka daka?" A ƙarshe ya iso wani gida, ya ɗora hannu a kan ƙyaure, sai allo ya yi baƙi. Shi ke nan fim. Ranar da aka fara nuna shi an kusa karya benci, ana cewa kaset ya tsinke. Washegari waɗanda suka yi zagin su suka fara bin layi. Daga nan har Kwatarkwashi, in mutum ya shiga gida ya ji shiru ya yi yawa, sai ya ce wa ka daka. Mata sun yi ta tsawata wa yara da shi. Akwai amaryar da na ji an ce ta ƙi taɓa taɓarya sai da aka yi mata rubutu ta sha.

Baƙon nan na cikin fim ni ne. Ina faɗi ne ba don alfahari ba, don an cuce ni, kuma ina son tarihi ya sani.

Halin marigayi a gidan kallonsa shi ne bai taɓa kallon talabijin ba. Kujerarsa a gefen allo take, ta ba shi baya, yana fuskantar jama'a da goro a kunci. In an sa fim ɗin tsoro na Indiya ko na Turawa, shi fuskokin mutane yake karantawa. Ya kan ce da ni, "Bawa, duba ka gani. Yanzu ba mai motsi, ba mai tari. Bari abin ya fito." Da dodon ya fito da haƙoransa sai a fashe da dariya, wani ya ce wannan ai roba ce, mai rake ya ci gaba da ciniki. Sai ya tofar da tukar goro ya ce, "Dodon da aka gani ya zama ɗan unguwa."

Yana faɗin haka, amma da ya tashi yin nasa fim ɗin sai ya manta da karatunsa, ya ce a yi dodo. Ni aka zaɓa, wai ba sai an ɓata kayan kwalliya da yawa ba. Muka ɗauki mai kyamara, wani Kirista mutumin Filato da ke ɗaukar bikin aure a gari, muka tafi ƙauyen su matar taubashina, can bayan Magami. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Ba mu da fitilun aiki, dole da rana za a yi komai. Surukinsa ya roƙi mai gari, mai gari ya sa aka yi shela: in rana ta take, kowa ya shige ɗaki da 'ya'yansa da awakinsa, ya yi shiru sai an kira.

Aka shafa mini gawayi da man gyaɗa, aka sa mini buhu, aka ɗaura mini ƙahon rago da tsumma. Na fito daga bayan rumbu ina gurnani da dukan ƙarfina. Jama'a, garin da aka ce ya yi shiru, sai ga dariya na fita ta kowace taga. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Wanga ba ɗan goggon ango ba ne? Wa ya yi maka haka, ɗana?" Ƙaho ɗaya ya zame ya rufe mini ido.

Taubashina ya zauna a gindin bango ya dafe kai. Aka sake roƙon mutane suka koma, gari ya yi tsit, mu kuma ba mu san abin yi ba. Muna nan zaune cikin shirun nan da zafin rana, sai muka ji daka daga cikin gari. Mai kyamara ya ce mini daga baya har addu'a ya fara da yarensu. Ni kaina, da nake dodo, na matsa kusa da mutane.

Matar taubashina ce. Ta gaji da jira, yara na kukan yunwa, ta jawo turmin tsohuwarta ta zuba gero. Turmin icen ƙirya ne mai tsaga a gefe, an ɗaure shi da ƙarfe, shi ya sa sautinsa bai yi kama da na kowane turmi ba. Marigayi ya miƙe tsaye a hankali. Ya ce, "Bawa, tuɓe buhun nan, wanke fuska, sa rigarka. Ka bi dakan nan kana tambaya." Na ce dodon fa? Ya ce, "Ga dodo can yana yi mana fura."

Tsoron da kuka gani a fuskata, har ake cewa ban da na biyu a iya wasa, ba tsoro ba ne, ba ni da takalmi, ƙasa ce ke gasa mini ƙafa.

Muka yi 'yan kwanaki a haka. Kullum mutane su ɓoye suna gunaguni, ita ta yi dakanta a lokacinta. A rana ta ƙarshe na ɗora hannu a ƙyauren gidan surukansa, ya ce a tsaya. Mai kyamara ya kashe abinsa don batir ya kusa mutuwa. Taubashina ya hau kan wani kututture ya kware baki ya ce, "Ku fito, an gama." Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Gari ya ɓalle kamar an buɗe akurki. Yara a guje, awaki a guje, mata na guɗa, wani dattijo ya fito daga cikin rumbu da ƙaiƙayi a gemu, ashe barci ya yi ta sha a ciki. Aka kawo fura a ƙwarya muka sha a tsakar gari. Ba ko ɗaya daga wannan da ya shiga kaset.

A gida kowa ya san wadda ta yi dakan, a waje ba wanda ya sani. Ita ta ce ba ta son a kira ta 'yar fim, shi kuma ya ce gara haka.

Daga nan rigimarmu ta fara. Kowane fim na Hausa yana da na ɗaya da na biyu, wani har na huɗu, ko da labarin bai kai cikin cokali ba. Na ce a yi na biyu, a buɗe ƙyaure, in fito da ƙahona in rama. Ya ce a'a. 'Yan kasuwar kaset suka zo daga Kano suka roƙe shi, ya ba su shayi ya raka su tasha. Na kai ƙararsa wurin kawu, kawu ya ce mu biyun duka ba mu da aikin yi. Na yi fushi na daina zuwa gidan taubashina har aka yi sallah biyu. Da ya ga abin ya yi nisa sai ya aiko mini da kan ragon layyarsa har Tsafe, ƙaho da komai, da saƙon cewa in ci gaba da atisaye. Na cinye kan, na ajiye ƙahon. Yana nan a ɗakina.

Abin da ya biyo baya ba na wasa ba ne, kuma ban iya faɗinsa da ado. Shekarun nan da ɓarayin daji suka hana ƙauyuka barci, ƙauyen surukansa na cikin waɗanda suka tashi. Ranar da labari ya zo, ya nemi babbar mota, ya shiga gaba, matarsa ta ce ƙafarsa ƙafarta. Suka kwaso wanda za su iya kwasowa. Tsohuwarta ta riga ta rasu tun kafin nan, amma turmin na nan, ta ce ba ta hawa mota sai da shi. Da suka iso Gusau ya sa aka fitar da bencuna daga gidan kallo, aka yanka gidan ɗaki-ɗaki da langa-langa. Sana'arsa ke nan ya rufe da hannunsa, ya koma sayar da goro a bakin titi. Ban ji ya ambata wa kowa ba, ko sau ɗaya.

Ya ce mini da ya shiga garin ran nan, ya ga tukunya a kan murhu da takalma a bakin masallaci. Sannan ya ce, "Mu roƙonsu muka yi suka ɓoye, bawa. Kuma mun kira su sun fito." Tun daga ranar bai sake nuna fim ɗin ba. Yara ne suka tono shi suka zuba a waya, ya zagaya inda mu ba mu taɓa zuwa ba. Ni ma daga ranar na daina maganar ƙaho, sai in ina son in ga ya yi dariya.

To, ana cikin zaman makoki autansa ya ja ni gefe. Magidanci ne yanzu, yana harkar ɗaukar hoto a Kaduna, ya zo da abokansa biyu masu matsattsun wanduna. Yaron kirki ne, kuma abin da ke ransa ba mugun abu ba ne. Tsoro yake kada a manta da ubansa.

Ya ce, "Baba, za mu yi kashi na biyu don tunawa da shi. Za a gina ƙauye a bayan gari, nan kusa, inda ba fargaba. Ka buɗe ƙyaure, aljana ta fito. Kwamfuta za ta yi ta, haƙora har ƙirji."

Na ce, "Dakan fa?"

"Shi ma kwamfuta za ta yi, ba sai an wahalar da Inna ba."

Sai ɗaya daga cikin abokan ya jefo mini ƙugiya. Ya ce, "An ce Baba ya so fitowa a dodo. Ai sai a yi biyu, aljana da mijinta."

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta yi tsalle. Abin da na nema tun gemuna na baƙi, ga shi an kawo mini har tabarma, kuma mai hanawa yana ƙarƙashin ƙasa. Na ce su bari in yi shawara da ƙahona. Abin da ba mu lura ba, a jikin katangar tsakar gida muke maganar, katangar kuwa ba ta da sirri.

Ranar sadakar uku rumfa ta cika, har mai kyamara ya zo da sandarsa, kansa fari fat, matarsa ta kawo kular shinkafa ta shiga wurin mata. A cikin gida ana shirin dakan gumbar sadaka kamar yadda aka saba, aikin maƙwabta ne da 'yan'uwa, mai takaba ba ta taɓawa. Rana ta take, liman ya ɗaga hannu zai fara addu'a.

Sai muka ji daka.

Wannan turmin, wannan hannun. A yi daka a yi daka, sai a tsaya. Rumfar nan ta yi tsit kamar an ɗauke numfashin kowa. Direban Bungudu ya riƙe gwiwata har ta yi ƙara. Hannun liman ya tsaya a sama. Abokan auta suka dubi juna, ɗaya ya laluba inda ya ajiye takalminsa. Can daga baya wani ya ce a hankali, "Wa ka daka?" Wasu suka yi dariya, dariyar ta juye kuka. Mutanen ƙauye kuwa ba su yi dariya ba. Su sun san tsakar gidan da sautin nan ya fito.

Da aka shafa, na kama hannun auta muka shiga zaure, mai kyamara na biye da mu. Matar taubashi abokiyar wasa ce, ina da izinin da wani bai da shi. Na yi sallama daga bakin ƙofa na ce, "Hajiya aljana, kin kusa watsa mana sadaka."

Tana tsaye da taɓarya a hannu, lulluɓe da mayafin takaba. Ta ce, "Kai dai dodon da ƙaho ya rufe wa ido, yi mini shiru. Ina mai kwamfutar?"

Auta ya durƙusa. "Ga ni, Inna."

"Na ji an ce injinka ya iya daka. Ya iya tsayawa?"

"Ai ana saita shi, Inna. Inda Baba ya sa a tsaya, nan zai tsaya."

"Ubanka bai sa an tsaya ba. Kai ne. Kana bayana a goye, ga ka da ƙiba kamar tulu, in na yi daka kaɗan sai ka zame, in tsaya in gyara majanyi. Shirun da ya hana mutane barci, kai ne ka ke zamewa."

Ni ma ban taɓa sanin wannan ba, ina can waje ƙasa na gasa ni.

Ta jingina taɓaryar ta ce, "Kuna ta tambaya mi ke bayan ƙyaure. Ni ce, da kai, da tsohuwata tana tankaɗe, da akuya tana satar dusa. Ba wani abu. Ubanka ya faɗa mini, in za a yi na biyu, a buɗe a iske haka, sannan a kira mutane su fito. A garin, ba a bayan Gusau ba. Da mutanen garin, ba 'yan haya ba."

Mai kyamara ya share ido ya ce, "Mama, fitowar nan ita ce abin da ya fi komai kyau da na gani a aikina, kuma kyamarata a kashe. In Allah ya kai mu, ni zan riƙe wa yaron nan batir."

Auta ya ce, "Inna, yaushe ke nan? Hanyar ma ba ta biyuwa."

Ta ce, "Na sani. Mu da aka kora ba mu ce mun bar musu ba, kai za ka gina mana na kwali ka sa aljana ciki? Turmin ga a can aka sassaƙa shi, can zai koma. Ka ajiye injinka ka jira." Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba.

To masu tambayata a kunne, ga amsarku a rubuce, ku daina ɓata mini fatiha. Za a yi kashi na biyu. Ba aljana, ba haƙora, kuma ina baƙin cikin sanar da jama'a ba dodo mai ƙaho. Na janye da kaina. Garin da aka yi wa kufai da bindiga ba a ƙara masa dodon roba don a sayar wa mutanen nesa. Waɗanda suka mayar da wasanmu gaskiya kuwa, in akwai mai karanta musu, ya gaya musu fim ɗin bai ƙare ba. Mu muka fara shi, mu za mu rufe shi, da rana tsaka, kowa na gani.

Taubashi, ka ci gardamar nan, kuma ka ci ta a kwance, abin da ya fi ba ni haushi. Allah ya haskaka makwancinka, ya buɗe maka ƙofar da ta fi wadda ka buɗe wa surukanka, ya ba mai takaba da 'ya'ya haƙuri, ya mayar da kowa garinsa.

Aiki ɗaya na roƙa, auta ya yarda. Kututturen nan da ka hau, ni zan hau shi. Na fara atisaye a bayan gidana a Tsafe, maƙwabta har sun aiko a tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, murya nake ajiyewa. In kuma na biyo ka kafin ranar, na koya wa yaron yadda ake yi: a cika ƙirji, a fuskanci gari, a ce ku fito, an gama.